Amsa ga mai tambaya kan kutsen sigina tsakanin Lux da Las

Assalamu alaikum. Malam, da na karanta tambayarka cewa GFP ɗin (furotin mai koren haske) da ka ɗora a kan pLux (firomota, wato makunnin DNA na tsarin Lux) yana haske ko da 3OC12 (sinadarin siginar Las) kaɗai ka zuba, babu ɗigon 3OC6 (sinadarin siginar Lux, wanda shi ya kamata ya kunna shi) a ciki, sai na ji kamar labarina kake bayarwa, domin wannan matsala ce ta cinye mini kaso mai yawa na karatun digirina na uku.

Wanda ya ba ni filasmid ɗin (zoben DNA da ake saka wa bakteriya) babba ne a kaina a ɗakin bincikenmu, kuma ya tabbatar mini cewa Lux da Las, tsarin sigina biyu da bakteriya ke sadarwa da su, ba sa shiga harkar juna. Da na kai sakamakona taron mako, a gaban kowa ya ce hannuna ne ba shi da tsabta, wai na gurɓata sinadaran garin ɗiba. Aka sa na zubar da su, aka yi odar sababbi, na zauna jiran isowarsu aikina a tsaye, ɗalibai ƙanana suna kallona a matsayin wanda bai iya riƙe fifet (bututun ɗiban sinadari) ba. Sababbin suka zo, hasken ya dawo yadda yake. Har yau bawan Allah nan bai ce mini uffan ba, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne daga baya na ga jadawalin gwajin da na yi a cikin jawabinsa, babu sunana a ƙasa. Saboda haka kada ka bari kowa ya sa ka zargi hannunka tun kafin ka gwada tsarin kansa, ruwa ba ya tsami banza.

Kutsen iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. LuxR (furotin mai karɓar siginar Lux) yana iya kama 3OC12 idan sinadarin ya yi yawa, sannan LasR (mai karɓar siginar Las) da ya riga ya kama 3OC12 yana iya zama a kan pLux ya kunna shi. Ka cire LasR daga cikin bakteriyar gaba ɗaya, ka zuba 3OC12 mataki-mataki daga kaɗan (nanomola) zuwa mai yawa (maikuromola). Idan hasken bai tafi ba, laifin LuxR ne; idan ya tafi, a firomota matsalar take. A wurina dukansu biyun ne suka haɗu, kuma ban samu sauƙi ba sai da na rage yawan LuxR ta hanyar ba shi RBS mai rauni (RBS shi ne wurin da ribosom, injin ƙera furotin, yake kamawa), na kuma mayar da shi kan filasmid pSC101 mai kwafi kusan 5 a kowace bakteriya maimakon pUC mai ɗaruruwa. Game da firomota kuwa, Paul Grant da abokan aikinsa a Kambirij sun sauya wasu haruffan pLux a 2016, suka samar da nau'i biyu, ɗaya na LuxR ɗaya na LasR, kuma da su zan fara idan da yau zan sake ginawa.

Ka kuma duba taminatar (alamar tsayar da karatun DNA) da ke zuwa kafin pLux, domin idan mai rauni ce, karatun da aka fara daga sama yana wucewa ya kunna GFP ba tare da wata sigina ba. Ni ba na yarda da ƙasa da taminata biyu a jere. Idan kuma kana amfani da sinadaran kunnawa arabinos da IPTG tare, ka sani IPTG yana danne AraC, furotin da ke kunna firomotar pBAD idan ya kama arabinos, shi ya sa pBAD yake yin sanyi.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa domin yana nan tafe: da zarar ka gyara wannan, za ka iya ganin RFP (furotin mai jan haske) yana raguwa duk lokacin da GFP ya tashi, alhali babu abin da ya haɗa su a zane. Wannan gasa ce a kan ribosom, wadda ɗakin binciken Domitilla Del Vecchio a jami'ar MIT ta Amurka ya auna a 2015. Idan kuma dukansu suna ɗauke da alamar ssrA (alamar a rushe furotin), to layi suke bi a wurin ClpXP (injin da ke rushewar), kuma a nan akasin haka ake gani, yawan ɗaya yana jinkirta rushewar ɗayan har shi ma ya taru.

Idan ka yi gwajin cire LasR, ka turo mana lambobin tare da sunan nau'in bakteriyar E. coli da kake amfani da shi, mu duba tare.