Tambayoyin Masu Karatu: Girkin Isra'ila da Lafiyar Iyali

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk sun taru ne a kan girke-girken da ake yaɗawa da sunan abincin Isra'ila, waɗanda ake yawan cewa suna da amfani ga lafiyar jiki. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Hajiya. Ina yawan ganin bidiyon girki a waya ana cewa abincin Isra'ila yana cikin mafi inganci a duniya, har ana cewa yana rage ƙiba da ciwon zuciya. Wane irin abinci ne wannan, kuma akwai gaskiya a maganar? Daga wata uwargida a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Uwargida. Abin da ake kira abincin Isra'ila haɗakar girki ne daga wurare da dama, domin ƙasar da kanta an kafa ta ne a 1948, kuma Yahudawan da suka yi ƙaura zuwa can sun zo ne kowa da tukunyar garinsu. Na Polan da Rasha sun zo da miyar kaza da kifi da dankali, na Tunisiya da Libiya sun zo da shakshuka, wato ƙwai da ake fasawa a cikin miyar tumatir, na Yaman sun zo da wani yaji mai zafi na ɗanyen barkono da tafarnuwa da ake kira zuhug, na Iraƙi kuma sun zo da al'adar cin soyayyen yalo da dafaffen ƙwai ranar Asabar, wadda daga baya ta zama sabik da ake cusawa cikin gurasa. Duk waɗannan sun sauka ne a kan abincin da suka tarar a yankin Sham, wato hummus (markaɗaɗɗen dafaffen wake da niƙaƙƙen riɗi) da falafel (wani irin ƙosai) da man zaitun da kwaɗon tumatir da kokwamba.

Akwai kuma tarihin talauci a ciki, wanda ba a cika ambatonsa a bidiyo ba. Daga 1949 zuwa 1959 gwamnatin ƙasar ta riƙa rabon abinci da kati saboda ƙarancinsa, nama ya yi wuya ƙwarai, sai matan gida suka koma ga yalo da wake da ƙwai da kayan lambu, har sukan sarrafa yalo ya yi kama da hanta. A gonakin haɗin gwiwa da ake kira kibbutz kuma, ma'aikata sukan fita aiki da asuba su dawo su karya da ɗanyen tumatir da kokwamba da ƙwai da cuku da burodi, kuma wannan karin kumallo ya zauna a ƙasar har yau.

Game da lafiya, hujjar da ake da ita ta tsarin cin abincin yankin Bahar Rum ce gaba ɗaya, wanda ya ƙunshi yawan kayan lambu da wake da hatsin da ba a cire dusarsa ba da man zaitun da kifi, tare da ƙarancin jan nama da kayan zaƙi. Wani bincike da aka yi a garin Dimona na kudancin Isra'ila, aka wallafa a 2008, ya bi mutum 322 masu ƙiba na tsawon shekara biyu. Waɗanda aka ɗora a kan tsarin Bahar Rum sun rage kimanin kilo 4.4, masu rage sitaci kilo 4.7, masu rage maiƙo kawai kuwa kilo 2.9, kuma a cikin masu ciwon suga, tsarin Bahar Rum ne ya fi saukar da sukarin jini. Wani babban binciken da aka yi a Sifaniya a kan mutane fiye da 7,000, wanda ya fito a 2013 aka sake wallafa shi da gyara a 2018, ya nuna raguwar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 30 cikin 100 ga masu bin tsarin tare da man zaitun ko 'ya'yan itatuwa masu mai. Ki lura cewa kilo huɗu a shekara biyu ba abin mamaki ba ne, don haka duk mai yi miki alkawarin narkewar tumbi a mako biyu talla yake yi.

Sannan ba duk abin da ake ci a birnin Tel Abib na Isra'ila ne mai amfani ba. Suna da soyayyar kaza mai garin burodi, da burekas, wato gasasshen fulawa mai yawan maiƙo da ake cusa wa cuku ko dankali, da lemon kwalba, kuma matsalar ta kai ga tun watan Janairu na 2020 doka ta wajabta manna jan tambari a kan kayan abincin da suka cika sukari ko gishiri ko kitse.

Tambaya: Malama, na ga kamar ana yi wa Falasɗinawa ƙwacen suna ne, domin a Makka da Madina mun ci hummus da falafel a matsayin abincin Larabawa. Kuma shin abincin Yahudawa ya halatta ga Musulmi? Daga wani malamin makaranta a Kano.

Amsa: Malam, ƙorafinka yana da tushe, kuma Falasɗinawa da mutanen Labanan sun daɗe suna yin sa. Hummus da falafel da tahina (niƙaƙƙen riɗi) da za'atar (garin ganyen ƙamshi da riɗi) abincin Larabawan Sham da Masar ne tun kafin a kafa Isra'ila, kuma ko a cikin ƙasar, wuraren da suka fi shahara da hummus yawancinsu na Larabawa ne, kamar garin Abu Gosh kusa da Ƙudus da tsohon birnin Akka da Yafa. Gardamar ta taɓa kaiwa ga gasar kwano mafi girma a duniya a 2010, inda aka haɗa kimanin tan huɗu a Abu Gosh, sai Labanan ta mayar da martani da fiye da tan goma. Masu kare ɗaya ɓangaren suna cewa Yahudawan Siriya da Masar da Iraƙi ma da irin wannan abinci suka tashi. Ra'ayina shi ne a kira kowane girki da asalinsa, kuma wanda zuciyarsa ba ta kwanta da sunan Isra'ila ba, ya ce abincin Sham, ba abin da zai ragu a kwanonsa.

Batun halacci kuwa, aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta abincin Ma'abota Littafi, amma bayanin sharuɗɗan yanka na malamai ne, su za ka tuntuɓa. Abin da zan iya faɗa shi ne dokar abincinsu, wadda suke kira kosha, ta haramta alade da jini da mushe, ta kuma hana abubuwan da mu muke ci, kamar raƙumi da zomo da kifin da ba shi da ɓawo irin tarwaɗa, sannan ta hana haɗa nama da madara a ci guda. Sai dai ta halatta giya, saboda haka idan girki ya ce a zuba giyar inabi, sai a maye gurbinta da romo da ɗan lemon tsami. Raba nama da madara hukuncin addininsu ne, ba umarnin likita ba.

Tambaya: Hajiya, maigidana yana da ciwon suga da hawan jini, kuma an ce hummus zai yi masa amfani, amma waken da ake yin sa da shi yana da tsada a kantunan da na samu. Yaya zan yi? Daga wata 'yar'uwa a Gusau.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Amfanin hummus ga mai ciwon suga ya zo ne daga kasancewarsa wake, domin wake yana da sinadarin gina jiki da faiba, wato dusar abinci mai taimaka wa hanji, kuma sitacinsa yana shiga jini a hankali, ba kamar farar shinkafa ko burodi ba. Farin wakenmu da gurjiya suna da wannan siffa, don haka ba dole ba ne ki sayi na gwangwani, wanda ma yakan zo da gishiri mai yawa. Ɗanɗanon zai ɗan bambanta, amma amfanin yana nan.

Abin da ke ba hummus armashi shi ne tahina, wato niƙaƙƙen riɗi, kuma a nan mu ne masu abin, domin Jigawa da Nasarawa da Binuwai suna noma riɗi har ana fitar da shi ƙasashen waje, ita kuwa Isra'ila yawancin riɗinta shigo da shi take yi, musamman daga Habasha. Ki rege riɗin ki fitar da tsakuwa, ki shanya ya bushe, sannan ki soya shi a busasshen kasko da wuta kaɗan kina juyawa ba tsayawa, ki sauke da zarar ƙamshi ya tashi tun kafin ya yi ja, domin idan ya ƙone ɗaci zai yi. Ki niƙa shi a blanda ko ki daka a turmi. Da farko zai zama gari, sannan ya dunƙule, daga baya ya saki mansa ya yi ruwa-ruwa. Idan kika matsa lemon tsami a kai za ki ga ya daskare ya yi tauri, kuma a nan ne mutane da yawa suke zaton ya lalace. Ki ci gaba da zuba ruwan sanyi cokali-cokali kina juyawa, zai saki ya yi fari ya yi santsi.

Shi kuma waken, ki jiƙa shi ya kwana, ki dafa har ƙwayar ta murƙushe tsakanin yatsu biyu ba tare da kin matsa ba, ki markaɗa shi tun yana da zafi tare da tahinar da tafarnuwa ƙwara ɗaya da gishiri ɗan kaɗan. Lemon tsamin yana rage buƙatar gishiri, kuma bitamin C da ke cikinsa yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe na wake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da na dunƙulen ɗanɗano.

Inda ake yin kuskure shi ne mahaɗi. Idan maigida ya cinye gurasa uku da hummus, ribar ta tafi, saboda haka ki ba shi rabin gurasa, sauran ya dangwala da yankakken kokwamba da karas da tattasai. Riɗi ma yana da maiƙo, babban cokali ɗaya na tahina ya kusa kalori 90. Kada ya daina shan maganinsa, kuma ki yi daidai wanda za a cinye a ranar idan wutar firij ba ta da tabbas, domin hummus ba ya jure zafi.

Tambaya: Na zauna a Sudan, inda muke cin ɗa'amiyya, wato falafel ɗin can, da ful, wato dafaffen babban wake, kusan kullum. Shin falafel ɗin Isra'ila daban ne, kuma ya fi ƙosai amfani? Daga wani ɗan kasuwa a Maiduguri.

Amsa: Alhaji, dangi ɗaya ne. A Masar da waken ful ake yin sa, a Falasɗinu da Isra'ila kuma da waken hummus wanda aka jiƙa ba a dafa ba, aka niƙa shi da ɗan gari-gari tare da albasa da tafarnuwa da ganyen faski. Bambancinsa da ƙosai shi ne ba a surfe ɓawon, ba a kuma buga ƙullin, don haka faibarsa ta ɗan fi yawa, amma dukansu a mai ake tsoma su, kuma man da aka yi ta maimaita suya da shi ba ya yi wa kowa alheri. Gaskiyar magana, abin da ya fi amfani a cikin gurasar falafel shi ne kayan lambun da aka cusa.

Akwai gargaɗi game da waken ful. Mutanen da aka haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD suna iya samun fashewar jajayen ƙwayoyin jini bayan cin sa, har ido ya yi rawaya fitsari ya yi duhu. Wannan hali yana da yawa a tsakanin Yahudawan Iraƙi da Kurdistan, yana kuma da yawa a Afirka ta Yamma, musamman ga maza, don haka wanda ya ga waɗannan alamu ga yaro bayan cin ful ya garzaya da shi asibiti.

Tambaya: Anti, man zaitun ya fi ƙarfin aljihuna. Wane girki zan fara da shi wanda yara za su ci? Daga wata amarya a Zindar.

Amsa: Ƙanwata, fara da shakshuka, domin kayanta duk suna kicin ɗinki. Ki soya albasa da tattasai a cokali biyu na man gyaɗa, ki zuba jajjagen tumatir da tafarnuwa da ɗan attaruhu, ki bari ruwan ya tsotse har miyar ta yi kauri, sannan ki yi ramuka da bayan cokali ki fasa ƙwai a kowane rami, ki rufe da wuta kaɗan na 'yan mintuna. Ga yara da mai juna biyu, a bari gwaiduwar ta nuna sosai. Dafa tumatir da ɗan mai yana sa jiki ya fi amfana da sinadarin laikofin da ke ba shi launin ja. Man gyaɗa mai kyau yana da irin kitsen da ya fi yawa a man zaitun, ko da yake bai kai shi wasu sinadaran ba, saboda haka idan kin samu ƙaramar kwalbar zaitun, ki ajiye ta don yaryaɗawa a kan ɗanyen kwaɗo.

Kwaɗon nasu tumatir ne da kokwamba da albasa da aka yanka ƙanana ƙwarai, aka matsa lemon tsami, kuma ana haɗa shi ne dab da ci don kada ya saki ruwa. Shi ne hanya mafi sauƙi ta kusantar giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ci kullum. Tunda ɗanye ake ci, ki wanke kayan da ruwa mai tsabta wanda za ki iya sha, ki fere kokwambar, kuma ki ware masa faranti da wuƙar da ba a yanka ɗanyen nama da su ba.