Ɗana ya ce shi ɗan ƙwallo ne, karatu rakiya yake yi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya ci bak (jarrabawar kammala sakandare), sashen D na kimiyya, zai shiga Jami'ar André Salifou. Yana buga wa wata ƙungiya ƙwallo, ya ce fanni mafi sauƙi zai ɗauka don kada karatu ya hana shi atisaye, alhali da can kimiyya yake so. In ƙyale shi?
Wani uba daga Birni, Damagaram

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka raba shi da ƙwallo, amma kada ka bari ƙwallo ta zaɓa masa fanni.

Masu nazarin ƴan wasan jami'o'in Amurka sun daɗe da lura cewa matashin da bai san kansa da wani suna ba sai "ɗan wasa" yakan daina tambayar kansa me yake so ya koya. Sai ya bi abokan wasa, su cunkushe a fannin da darasinsa bai cin lokacin fili. Can kuwa, duk da hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i tana barin atisaye da wasanni su kai har awa 20 a mako, waɗanda ke kaiwa ga wasan ƙwararru ba su cika 2 cikin 100 ba.

Ku zauna da takarda. Lisansi, wato digirin farko, shekara 3 ce, zango 6. Ya samo jadawalin fannin kimiyyar daga ɗaliban shekara ta biyu, ya aza shi kan ranakun atisaye da tafiye-tafiyen wasa. Galibi inda ake karo shi ne aikin ɗakin gwaji: darasin aji ana iya kwafe shi wurin aboki, gwaji kuwa sai mutum ya tsaya da kansa, kuma rashin zuwa yana zubar da maki. Tun makon farko ya gaya wa koci ranakun da ba zai zo ba, kada ya bari sai jarrabawa ta matso. Kocin da ya ƙi wannan, muna ganin bai cancanci a ba shi amanar yaro ba.

Ka tambaye shi kuma: in jijiyar gwiwa ta tsinke, wadda jinyarta bayan tiyata kan ci wata 6 zuwa 9 ko fiye, me zai tashi ya yi da safe? In ya rasa amsa, nan aikinku yake.

Idan ka ga wasannin ne da gaske a ransa, akwai makarantar INJS a Yamai, mai horar da malaman motsa jiki. Can ma ana karanta ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, bak ɗinsa na D zai yi masa amfani.