Soket ɗin intanet na bango ya ƙi aiki a sabon gida

Malam, ka ce ka jona kwamfuta a soket ɗin bango amma shiru. Ai wayoyin duk suna taruwa ne wuri guda, galibi cikin wani akwati a sito. Nemo shi tukuna. Can za ka ajiye rauta (na'urar da ke raba intanet ga na'urorin gida), ka haɗa ta da modem (na'urar da ke shigo da intanet daga kamfani), ka ja waya daga ramin rautar mai alamar LAN zuwa swic (akwati mai ramuka da yawa na jona wayoyin intanet), sannan ka cusa wayoyin ɗakuna a swic ɗin. Kada ka tsallake rauta.

Idan wani ɗaki ya ƙi, kwance murfin soket ka duba. Dole siraran wayoyi takwas su shiga, launukansu jere iri ɗaya a duka ƙarshen wayar biyu, bisa tsarin jera launuka na T568A ko na T568B. Wasu masu aikin wuta kan haɗa siraran wayoyi biyu kacal, irin na tarho. Ƙaramar testa (na'urar gwada waya) mai fitilu takwas za ta nuna maka wadda ta katse.