Ba mu da ɗakin gwaji, ta yaya zan koya wa yara kimiyya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata firamare a cikin garin Sakkwato, ina koyar da 'yan aji huɗu. Kayan aikinmu allo da alli ne kawai. Yaran suna haddace abin da na rubuta, amma da na juya tambayar sai su yi tsit. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da ɗan shekara tara ko goma ya fi bukata shi ne ya iya raba abin da idonsa ya gani da abin da zuciyarsa ta raya masa. Wannan kuwa ba sai da ɗakin gwaji ba.

Ki fara da soɓorodo. Ki jiƙa shi ba sukari, ki raba a gorunan ruwa uku da aka yanke bakinsu. Ta farko a bar ta yadda take, ta biyu a matsa lemun tsami, ta uku a zuba ruwan kanwa. Kafin a zuba komai, kowane yaro ya rubuta abin da yake tsammani. Lemun tsami zai ƙara masa hasken ja, kanwa kuma za ta duhunta shi ya karkata zuwa kore, domin sinadarin da ke ba soɓorodo launi yana sauyawa gwargwadon tsamin ruwa. Wani zai tambaya me ya sa ba a taɓa ta farko ba. Ki ji daɗin wannan tambaya, ki bar su su gano cewa da ita ake kwatanta sauran. Washegari su zo da tsamiya, nono da ruwan toka su gwada, amma kada kowa ya ɗanɗana.

Sai randa, wadda ni na fi so. Ki zuba ruwa daidai wa daida a randa da bokitin roba, a inuwa ɗaya, lokaci ɗaya. Yaro zai ce randa ta fi sanyi "saboda ta ƙasa ce". Kada ki ce ya yi kuskure, kada kuma ki ba shi amsa. Ki ce, "Me ka gani a jikinta?" Zai ga tana tsattsafo. To a kawo randa biyu, a naɗe ɗaya da leda, a jira. Ruwan da ke tsattsafowa yana bin iska, yana tafiya da zafi, leda kuwa ta tare masa hanya. Shi ya sa randa ta fi sanyaya ruwa da hunturu da bazara, lokacin da iska ta bushe, a kan damina. Da wannan hikima Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000.

Abu guda za ki riƙe a nan: kowane gwaji abu ɗaya ake sauyawa. In randa tana inuwa bokiti yana rana, ba a san abin da ya kawo bambancin ba.

Inuwa ma darasi ce kyauta. A kafa sanda a filin makaranta, a auna inuwarta kowace awa, a rubuta. Za su ga ta fi gajarta wajen sha biyu da rabi, ba sha biyu daidai ba, kuma wannan shi ne zawalin da suke ji a Islamiyya. Sakkwato tana kusan digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, kudu da arewa, don haka a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta inuwar sandar kusan ɓacewa take yi da tsakar rana.

In ajin ya cika, ki raba su biyar biyar: mai awo, mai rubutu, mai zane, sauran su sa ido, a riƙa karɓa-karɓa don kada maza su mamaye aikin. Kowane shafi a ja masa layi a tsakiya, gefe ɗaya "Na yi tsammani", ɗayan "Na gani". Ki ba da maki ga wanda ya rubuta gaskiyar abin da ya gani, ko da ya saɓa wa tsammaninsa.