Maigida da Katin Ghana

Ƙanina, ka ce abin ya ɗaure maka kai. Da ka zo Kumasi bara, zango ya karɓe ka hannu bibbiyu, ga ɗaki ga tuwo, amma da ka roƙi a yi maka rajistar layin waya da Katin Ghana na wani, wato katin shaidar ɗan ƙasa, sai kowa ya noƙe. Har kana tambaya ko zumuncin 'yan zango ne ya yi sanyi.

Tun zamanin fataken goro, baƙo ba ya sauka a zango sai a hannun maigida. Shi zai ba shi masauki, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in rigima ta taso, in kuma an yi ɓarna shi Sarkin Zango zai kira. Haka kakanmu ya sauka, kuma tsaronmu ke nan: sanayya.

Yanzu gwamnati ta miƙa wannan aiki ga kwamfuta. Katin Ghana yana ɗauke da zanen yatsunka da fuskarka da ƙwayar idonka. A watan Oktoban 2021 aka fara haɗa shi da layukan waya, a ƙarshen Mayun 2023 aka toshe waɗanda ba a haɗa ba. Tun Yulin 2022 banki ba ya sauraronka sai da shi, lambarsa ce ma lambar harajinka. To layin da aka yi wa rajista da katina, ni ne. In aka yi damfarar MoMo, wato kuɗin da ake turawa ta waya, da shi, ƙofata za a buga, kuma na'ura ba ta jin "wallahi baƙona ne, ɗan mutunci ne." Ga hukuma a tsorace da masu iƙirarin jihadi na Burkina Faso, ido na kan Paga da Bawku, garuruwanmu na kusa da iyakarta, har a 2022 aka ce duk wanda ya ga abin da bai yarda da shi ba ya kira 999. Kai da ka zauna a Gusau lokacin da aka katse layuka a 2021, ba sai na faɗa maka yadda gwamnati ke kallon waya ba.

Amma akwai tsohon miki a ƙarƙashi. A 1969 gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. An kwashi mutane a manyan motoci, cikinsu har da waɗanda aka yanke wa cibiya a nan. Shi ya sa tsofaffinmu ke adana kowace takarda a gindin akwati, ko rasit ɗin fili ne da ya ci tsatsa. Har gobe, in sunanka Garba ko Ɗanjuma, mai rajista kan ƙara maka tambayar da ba zai yi wa Kwame ba. Wannan yana mana ciwo, ba na ɓoye maka. Doka ta ce wanda ba shi da takardar haihuwa ko fasfo, ɗan'uwansa mai kati zai iya yi masa rantsuwa cewa ɗan ƙasa ne don a yi masa katin. Wannan rantsuwar muna tattalinta kamar gado, don in aka kama mutum ɗaya ya rantse wa wanda ba ɗan ƙasa ba, zango duka za a shafa wa kashin kaji.

In za ka dawo kuma zamanka zai kai kwana 90, akwai katin baƙi. Kuɗinsa da dala ake lissafawa, duk shekara kuma ana sabuntawa. Ni da kaina zan raka ka ofishin. Ɗakinka yana nan, ka dai taho mana da kilishi.