Tambaya da Amsa: Ba a Ba Sabon Shiga Jagorancin 'Yan Sikawut Kai Tsaye

Tambaya: Malam, ni tela ne a Garwa, ban taɓa yin sikawut ina yaro ba, amma ina son in taimaka wa ƙungiyar unguwarmu. Za a karɓe ni?

Amsa: Za a karɓe ka, Malam, domin aikin sa kai ne, sai dai ba za a miƙa maka 'ya'yan mutane ranar da ka zo ba. Za ka fara a matsayin mataimakin jagora, kana halartar horon share fage, inda ake koyar da alkawari da dokar sikawut, da taimakon gaggawa, da ƙa'idojin kare yara daga cutarwa. Abin da ya fi wuya ga manya shi ne tsarin rukuni, wanda Baden-Powell, mutumin da ya kafa sikawut, ya gwada a sansanin tsibirin Brownsea na Ingila a 1907: yara shida zuwa takwas suna da shugaba daga cikinsu, su suke kafa tanti, su hura wuta, su raba aiki, kai kuwa naka sa ido ne, ko da ka ga tuwon zai yi gudaji. Babban horo shi ne Wood Badge, wanda aka fara a 1919, alamarsa 'yan itatuwa biyu a igiyar wuya.

Ka nemi shugaban sikawut na gundumarku tun kafin bikin ranar matasan Kamaru na 11 ga Fabrairu, lokacin da atisayen fareti yake yawaita kuma ake ƙarancin manya. Sana'arka ma za ta yi amfani wajen ɗinkin kayan sawa da gyaran tanti.