Dalilin saurin tafiya a tsofaffin finafinan barkwanci

Malam ka tambaya me yasa a gajerun finafinan barkwanci marasa sauti mutane ke tafiya kamar ana korarsu. Aikin kyamara ne wallahi. Lokacin da hannu ake juya ta, hoto wajen 16 zuwa 18 take ɗauka a sakan ɗaya, da sauti ya shigo ƙarshen shekarun 1920 sai aka tsayar da 24, to in aka haska tsohon fim a 24 dole kowa ya riƙa zabura. Wani lokacin kuma da gangan ne, a kamfanin Keystone na Amurka inda ɗan wasan barkwanci Charlie Chaplin ya fara fim a 1914, mai kyamara yakan rage juyi in 'yan sanda sun biyo ɓarawo, sai kaga mota ta sha kwana kamar walƙiya. Ni dai wannan guje-gujen har gobe yana bani dariya.